Wa ke da ikon cewa "mu"?

Gardamar ta tashi ne a fadarmu, wani dare cikin babban hutu, shayi na biyu yana kan gawayi. Wani abokinmu da ke karatun ilimin zamantakewa a jami'a ya ga *1984* na George Orwell a hannuna. Ya karɓa, ya juya bango, ya miƙo mini abina. Ya ce duk irin waɗannan littattafai makaman yaƙin cacar baka ne, Turawan Yamma suka rubuta su don su koya wa duniya cewa jama'a kurkuku ce, kowa ya yi ta kansa. Ya ce mu da muka tashi cikin gayya da adashe, muna sa hannu cikin akushi guda, me za mu koya wajen mutanen da ke ganin kalmar "mu" kamar dodo?

Ban ba shi amsa a daren ba, don ba ni da ita. Kuma maganarsa ba ta banza ba ce, zan dawo kan inda yake da gaskiya. Amma ita ta sa na bi sawun wannan irin adabi da mushenmu na filo ke kira distopi, wato labarin wata gobe da aka tsara don ta zama aljannar duniya, sai ta zama gidan kaso. Sawun ya kai ni ga wani littafi da ya girmi na Orwell da kusan shekara talatin, wanda sunansa ma *Mu*. A Faransanci za ku same shi da sunan *Nous autres*. Wanda ya rubuta shi kuwa ɗan juyin juya hali ne na Rasha, mutumin da ya sha ɗauri saboda jam'iyyar Bolshebik tun kafin ta yi mafarkin kama mulki.

Sunansa Yebgeni Zamiyatin. An haife shi a 1884 a wani ƙaramin gari mai suna Lebedyan, ya tafi birnin San Pitasbag ya karanci injiniyancin ƙera jiragen ruwa. Lokacin boren 1905 yana cikin ƴan Bolshebik, ƴan sandan sarkin Rasha suka kama shi, suka tsare, suka kore shi daga birnin. A 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, gwamnati ta aike shi Niyukasul, a arewacin Ingila, ya sa ido kan ƙirar jiragen ruwa masu fasa ƙanƙara da Rasha ta yi oda. Wannan zaman na Ingila shi ne abin da abokina bai sani ba, ni ma ban sani ba sai yanzu. A can Zamiyatin ya ga dubban ma'aikata suna shiga suna fita da ƙarar jiniya, ya ga gidaje layi-layi kamar an buga su da hatimi guda. Abin ya dame shi har ya rubuta wani labari yana yi wa Ingilishi ba'a, inda wani limamin coci ya tsara wa gidansa jadawalin komai, daga cin abinci zuwa tuba, har kwanciya da matarsa. Ke nan iri na farko na *Mu* a ƙasar ƴan jari-hujja ya tsiro.

Ya koma gida a 1917, ƴan makonni kafin Bolshebik su karɓi mulki. Abin da ya tarar a shekarun da suka biyo baya shi ne, sabbin masu mulki su ma sun kamu da son agogon masana'anta. Akwai wani Ba'amurke, Frederick Taylor, da ya fitar da littafi a 1911 kan yadda za a auna kowane motsin lebura da agogo, a yanke wanda bai da amfani, a bar masa mafi sauri. Lenin ya taɓa zagin tsarin da cewa hanyar tatsar gumin talaka ce. Amma a 1918, da ƙasa ta dawo hannunsa kuma masana'antu suka tsaya, sai ya ce dole a koyi abin da ke da amfani cikinsa. Wani mawaƙi kuma tsohon maƙerin masana'anta, Aleksei Gasteb, ya kafa cibiyar nazarin aiki a Mosko a 1920, ana koya wa mutane yadda ake ɗaga guduma kamar yadda ake koya wa soja fareti. Gasteb ya rubuta, kuma da murna ya rubuta, cewa wata rana ma'aikata za su daidaita har a iya kiran kowane da harafi ko lamba. Mawaƙan ƙungiyar adabin ma'aikata na lokacin kuwa ba su da kalmar da suka fi so kamar "mu".

Cikin wannan yanayi, tsakanin 1920 da 1921, a birnin da yunwa da sanyi suka kusa cinyewa, Zamiyatin ya zauna ya ɗauki maganar Gasteb da gaske, ya bi ta har ƙarshenta.

Mai ba da labarin ba shi da suna, D-503 ake kiransa. Injiniya ne shi ma, yana ƙera wani jirgin sararin samaniya da zai kai "farin ciki" ga halittun sauran duniyoyi, da lallashi ko da ƙarfi. Ƙasar guda ce tak, shugabanta ana kiransa Mai Alheri. Gidaje duka na gilashi ne, kowa yana ganin kowa. Akwai jadawali da ya ƙayyade lokacin tashi, lokacin tattaki jere huɗu-huɗu, har yawan taunar da za a yi wa kowace loma: hamsin. Awa biyu kawai aka bar wa mutum a yini, D-503 kuma yana fatan wata rana su ma a shigar da su cikin jadawali. Wanda ke son saduwa da wata sai ya yi rajista a ba shi tikiti mai ruwan hoda, shi ne kaɗai lokacin da ake yarda a sauke labule. An kewaye birnin da wata Koriyar Katanga, bayanta daji ne da tsuntsaye da wasu mutane masu gashi a jiki da suka tsira daga tsarin.

Abin da ya fi burge ni, D-503 ba ɗan tawaye ba ne. Yana son ƙasarsa tsakani da Allah, yana rubuta littafin ne ma don ya yabe ta. Sai wata mace, I-330, ta shigo rayuwarsa. Ya fara mafarki, ya fara kishi, ya fara makara. Da ya je wajen likita, aka gaya masa ya kamu da mummunar cuta: ya yi rai. A ƙarshe hukuma ta gano inda tunanin ƙirƙira yake a ƙwaƙwalwa, ta umarci kowa ya zo a ƙone wurin. Aka yi wa D-503, ya warke, ya je da ƙafarsa ya tona asirin I-330, ya zauna kusa da Mai Alheri yana kallon ana azabtar da ita, ko gezau. Shafin ƙarshe shi ne mafi natsuwa a littafin duka, kuma shi ya hana ni barci.

Hukumar tace littattafai ta Sobiyet ta hana buga shi. Rubutun ya tsallaka iyaka, aka fara buga shi da Ingilishi a Niyu Yok a 1924. A 1927 wata mujallar ƴan gudun hijirar Rasha da ke Prag ta buga wasu sassa da harshen Rasha. A lokacin ba a yi masa komai ba. Sai 1929, shekarar da Sitalin ya gama tattara iko a hannunsa kuma ya fara tilasta wa manoma shiga gonakin gamayya, aka tono maganar. Jaridu suka yi ca a kan Zamiyatin da wani marubuci, Boris Pilnyak, wai sun ba maƙiya makami. Ku lura da yadda aka yi: ba ɗan sanda aka fara turo musu ba, ƴan uwansu marubuta aka tara, aka yi taro, aka ɗaga hannu. Pilnyak ya nemi gafara. Zamiyatin ya fice daga ƙungiyar marubutan. Aka cire wasanninsa daga dandamali, aka daina buga shi.

A 1931 ya yi abin da mutane kaɗan suka yi suka kwana lafiya: ya rubuta wa Sitalin wasiƙa kai tsaye. Ya ce hana marubuci rubutu daidai yake da hukuncin kisa, don haka a sauya masa hukuncin, a bar shi ya fita. Maksim Gorki ya sa baki, aka bar shi. Ya zauna a Paris, bai shiga sahun ƴan gudun hijirar da ke kewar zamanin sarki ba, fasfonsa na Sobiyet ma bai yar ba. Ya taya Jean Renoir rubuta wani fim a 1936. Ya mutu a watan Maris na 1937, cikin talauci. Pilnyak da ya tuba, an harbe shi a 1938. Gasteb, mai son a kira mutane da lamba, an kama shi a 1938, aka harbe shi a 1939. Tsakanin 1932 da 1933 kuma yunwar da ta biyo bayan gonakin gamayyar ta kashe miliyoyin manoma a Yukiren da Kazakistan da wasu sassan Rasha. Duk da sunan "mu" aka yi.

Daga nan labarin ya rabu biyu, kuma a nan ne nake ganin abokina ya haɗa doki da jaki cikin turke guda.

Reshe na farko na Ayn Rand ne. Ita ma ƴar San Pitasbag ce, an haife ta a 1905, Bolshebik suka ƙwace kantin maganin mahaifinta tana yarinya, ta isa Amurka a 1926 ɗauke da ƙiyayyar da ba ta huce ba har ta mutu. A 1938 ta fitar da wani gajeren littafi, *Anthem*. Can ma mutane lamba gare su, amma ita ta ƙara da cewa an shafe kalmar "ni" daga harshe baki ɗaya, wanda ya furta ta ƙone shi ake yi. Gwarzon ya gano wutar lantarki, majalisar masana ta ƙi karɓa don shi kaɗai ya gano ta, ya gudu daji da budurwarsa, ya sami tsohon gida cike da littattafai, ya tsinci kalmar da aka ɓoye. Idan Rand abokina yake nufi, to ya faɗi gaskiya: a wurinta jama'a ce cutar, son kai ne maganin, kuma ba ta ɓoye ba. Sai dai ni abu biyu suka ba ni dariya. Gwarzon nan, da ya gama samun ƴancin kansa, ya zaɓa wa kansa sabon suna, sannan ya juya ya raɗa wa matar nata, bai tambaye ta ba. Na biyu, shirinsa na gaba shi ne ya koma birni ya kwaso abokansa su gina sabuwar al'umma. Ashe ko mai bautar "ni" ba ya iya kwana a daji shi kaɗai.

Reshe na biyu na Orwell ne, kuma shi wani mutum ne daban. Ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Burma daga 1922 zuwa 1927, ya ajiye don ya tsani abin da ya gani. Ya tafi Sipaniya ya ɗauki bindiga tare da wata rundunar ƴan gurguzu, aka harbe shi a wuya a 1937, sannan ya tsere da kyar, ba daga ƴan fasist ba, daga ƴan kwaminis masu bin Mosko da suka juya kan abokan yaƙinsu. Ya sami fassarar Faransanci ta littafin Zamiyatin, ya yi sharhinsa a jaridar *Tribune* a watan Janairu na 1946. A sharhin ya ce yana zaton Aldous Huxley ya ɗebi wani abu daga ciki don *Le Meilleur des mondes* na 1932 (Huxley ya musa), ya kuma lura cewa Zamiyatin bai nufi wata ƙasa guda ba, inda wayewar injina ke kai mutane ya nufa. Bayan shekara uku, a watan Yuni na 1949, *1984* ya fito. Da jaridun Amurka suka fara tallarsa a matsayin hari kan gurguzu, Orwell, yana kwance da tarin fuka, ya aika da bayani cewa littafinsa ba hari ba ne kan gurguzu ko jam'iyyar Leba ta Ingila, wadda yake goyon baya. Ya mutu a Janairun 1950.

Yanzu ga inda abokina ke da gaskiya, kuma ba ƴar ƙarama ba. Bayan mutuwar Orwell an mayar da littattafansa makami. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a asirce aka yi fim ɗin zane na *La Ferme des animaux* a 1954, aka sauya ƙarshen labarin don kada ƴan jari-hujja su fito da muni daidai da aladun. Wani sashen farfaganda na ma'aikatar harkokin wajen Ingila ya ɗauki nauyin fassara shi cikin harsuna da yawa. Shi kansa Orwell, a 1949, ya miƙa wa wannan sashen jerin sunayen marubuta da ƴan jarida da yake ganin sun karkata ga Mosko, don kada a ba su aiki. Mutumin da ya rubuta *1984* ke nan fa. Ban san yadda zan wanke shi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in gwada ba.

Amma yadda aka yi amfani da littafi daban, abin da ke cikinsa daban. Na sake karanta biyun ina neman wannan "ni" da ake cewa suna bauta wa, sai na ga hukumomin cikinsu ba su damu da mutum ɗaya ba ko kaɗan. Mutum ɗaya ai abin so ne a wurinsu: ga shi cikin ɗakin gilashi, ga lambarsa, ba shi da kowa sai hukuma. Abin da suke farauta shi ne ƙaramin "mu" da ya tsiro ba da izininsu ba. A *1984* yara ne ke kai ƙarar iyayensu, maƙwabcin Winston ƴarsa ce ta tona shi. Winston ya sha duka, ya amsa laifuffukan da bai yi ba, duk bai ishe su ba, sai ran da ya roƙa a ɗora azabar a kan Julia maimakon shi. A ran ne suka sake shi, don sun raba biyu sun zama ɗaya da ɗaya. A *Mu* kuma, wadda ta tsira ba jarumar tawaye ba ce, O-90 ce, mace mai sanyin hali da ta yi ciki ba da izini ba, ta tsallake katanga don ta riƙe ɗanta da kanta. Uwa da ɗa, mace da namiji, abokai uku a ɗaki: waɗannan ne tsarin ba ya iya haɗiyewa. "Mu" guda ake so ya rage, wanda baki ɗaya ke furtawa a madadin kowa.

Wannan bambanci ba sai mun je Rasha za mu gane shi ba. Kakanninmu sun yi gayya, sun kuma yi aikin dole na zamanin Faransa, wanda sai a 1946 doka ta soke shi. Hauya ɗaya ce, rana ɗaya ce, jeren mutane ɗaya ne, wani lokaci har da kiɗa. Mai ɗaukar hoto daga nesa ba zai bambance su ba. Amma a gayya akwai fura, akwai ramuwa ran da taka gonar ta zo, kuma idan ka ƙi zuwa abin da zai same ka tsegumi ne da kunya. A aikin kumandan kuwa, gardi ne zai zo da bulala. Babu tsohon da zai rikita su.

Na baya-bayan nan ya fi wuyar yanke wa hukunci. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan gari, ya mai da ita ɗaya daga cikin ginshiƙan abin da ya kira al'ummar ci gaba. Na tambayi kawuna, wanda ya yi samariya da ƙuruciyarsa. Ya lissafa mini azuzuwan lakwal da suka gina da hannunsu, da itatuwan da suka dasa, da wasannin kwaikwayon da suka kai gasa, idonsa har yana ƙyalli. Da na ce to siyasa fa, sai ya rage murya, shekara talatin da wani abu bayan mutuwar mutumin, a cikin zaurensa, ya ce lokacin ko da amininka ba ka sakin baki. Duka biyun gaskiya ne, kuma mutum ɗaya ne ya faɗe su. Ba ina cewa Nijar ta zama ƙasar Sitalin ba ne, wallahi tazarar tana da nisa ƙwarai. Ina cewa ne an ɗauki wani "mu" da gari ya haifa, aka ɗaura masa igiya zuwa Yamai.

Akwai wani babi a *Mu* da ake kira Ranar Baki Ɗaya. Kowace shekara ana taruwa a sake zaɓen Mai Alheri, ba a ɓoye ba, da ɗaga hannu, kuma D-503 yana mamakin mutanen da, masu jefa ƙuri'a a ɓoye kamar ɓarayi. A shekarar labarin dubban hannuwa suka tashi suka ce a'a. Washegari jarida ta ce an zaɓe shi baki ɗaya, don ba a ƙirga marasa lafiya. Da na karanta, sai na tuna an haramta Sawaba tun 1959, Diori Hamani ya yi ta tsayawa takara shi kaɗai, kuma a Disamban 1989 Ali Saibou ya tsaya shi kaɗai a ƙarƙashin jam'iyya guda ya sami fiye da kashi 99 cikin ɗari. Bayan wata biyu, ran 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai suka hau gadar Kennedy a Yamai, aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Waɗannan yayyen namu ba masu ra'ayin kowa-ya-yi-ta-kansa ba ne. Ƴan USN ne, da yawansu ma Marks suke karantawa, "mu" suke cewa da babbar murya. Nasu ne dai ba ya cikin kashi 99 ɗin. Shekara ɗaya da rabi bayan haka aka buɗe babban taron ƙasa.

A Tarayyar Sobiyet, littattafan da aka hana da keken rubutu ake kwafarsu, a jera takardu da kabon a tsakani, kwafi na biyar da kyar ake karanta shi, a ba ka dare ɗaya ka mayar da safe. Samizdat suke kiran abin. Haka *1984* ya yi ta yawo a Mosko, daga hannu zuwa hannun da aka yarda da shi, kowane mai karatu yana riƙe da asirin wanda ya ba shi. (Mu da ke biyan dala biyar kowane shafi a shagon fotokopi, kada mu cika baki, ba wanda zai ɗaure mu kan wannan ɗan littafin.) Cikakken rubutun *Mu* da harshen Rasha sai a 1952 aka buga shi, a Niyu Yok. A gida kuwa sai 1988, zamanin Gorbacob, mujallar *Znamya* ta fitar da shi, shekara 51 bayan an binne marubucin a maƙabartar Thiais, kudu da Paris.

Na kai wa abokina kwafina makon jiya. Ya karanta cikin kwana uku, ya dawo ya ce har yanzu bai yarda da Orwell ba saboda jerin sunayen nan, Rand kuwa ko a kyauta ba ya so. Amma ya riƙe na Zamiyatin, wai ƙanwarsa da ke shirin bak za ta karanta. Shafi na 112 da na 113 sun fito baƙi ƙirin a injin, duk wanda ke da littafin asali ya taimaka mana da su.